Fari da Ambaliya: Sauyin Yanayi Tsakanin Masana da 'Yan Siyasa



Bahaushe yakan raɗa wa yunwa suna kamar yadda yake raɗa wa ɗa. Wadda aka yi cikin 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1927 'Yar Buhu ce, ta 1942 kuwa 'Yar Gusau. Da aka yi ta 1984, mutanen Nijar suka kira ta El Buhari, domin a wannan shekara ce gwamnatin Nijeriya ta rufe kan iyaka, hatsi ya daina ƙetarawa. Wanda ya dubi waɗannan sunaye da kyau zai ga abin lura. Ba su cika ambaton gajimare ko hadari ba. Buhu suke ambata, da gari, da mai mulki. Watau tun can talaka ya gane cewa ƙarancin ruwa daga sama yake zuwa, amma yunwa akwai hannun mutum a cikinta. Abin da masana kimiyya suka zo da shi daga baya ya fi wannan nauyi, domin sun ce shi kansa ruwan saman yanzu hannun mutum ya taɓa shi.

Kafin a shiga wannan, sai a gyara wata kalma. Gidajen rediyo sun saba wa jama'a da faɗin "sauyin yanayi", har ta zauna, ba mai iya tayar da ita. Amma tana da rauni. Yanayi a Hausa yana nufin halin da gari ya wayi da shi yau, ko hazo, ko zafi, ko lumshi. Yana kuma nufin halin ƙasa na shekara da shekaru, watau jerin bazara da damina da kaka da hunturu, da yawan ruwan da aka saba samu. Na biyun nan shi malaman da suke kira iklimi, kalmar da Hausa ta aro daga Larabci, Larabci kuma ya aro daga Girkanci. Masana ba su yanke hukunci a kan iklimin wuri sai sun tara lissafin shekara 30. Saboda haka daminar bana, kome kyanta ko muninta, ba ta isa hujja ba. Yawancin gardamar da ake yi a bakin titi, kai har da wadda ake yi a majalisun manyan ƙasashe, daga haɗa waɗannan ma'anoni biyu take tasowa. Cikin Fabrairun 2015 wani sanata a Amurka, James Inhofe, ya shiga zauren majalisa riƙe da dunƙulen ƙanƙara wai don ya nuna duniya ba ta ɗumama. Misalinsa kamar wanda ya ji sanyin asuba ɗaya ne a Jos ya ce babu bazara a Sakkwato.

Shi wannan ilmi ba sabo ba ne. Cikin 1824 wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya yi lissafi ya ga in da hasken rana kaɗai ke ɗumama duniya, da ta fi yadda take sanyi ƙwarai. Lalle akwai abin da ke riƙe zafin. Cikin 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, da kuma John Tyndall a Ingila cikin 1859, suka nuna ta hanyar gwaji cewa tururin ruwa da iskar kabon su ke wannan aiki. Yadda abin yake shi ne, hasken rana yana ratsa iska ya faɗo ƙasa, ƙasa ta yi zafi, sa'an nan ta mayar da zafin sama. Waɗannan iskoki suna barin haske ya shigo, amma suna tare wani kaso na zafin da ke son fita, kamar bargo a jikin mai barci. Bargon nan rahama ne, don ba da shi ba da teku ta daskare. Illa dai bargo in ya yi kauri sai gumi. Cikin 1896 Svante Arrhenius, mutumin Suwidin, ya zauna da alƙalami da takarda ya lissafa cewa in iskar kabon ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Lissafin masanan yau ya tsaya wajen digiri 3. Ga wanda ba shi da kwamfuta, bai yi nisan kuskure ba.

Awo na dindindin ya fara cikin 1958, sa'ad da Charles Keeling ya kafa na'urarsa a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, nesa da hayaƙin birane. Ya sami kashi 315 na kabon cikin kowane miliyan na iska. Kafin zamanin masana'antu 280 ne. Cikin 2024 ya haura 420. An haƙa ƙanƙarar ƙurewar kudancin duniya an fito da kumfar iskar da ta maƙale a ciki tun shekara 800,000, ba a sami lokacin da ya wuce 300 ba. Tushen ƙarin kuwa sananne ne: kwal da man fetur da gas da ake ƙonawa, da siminti da ake gasawa, da dazuzzuka da ake sarewa. Akwai kuma iskar misen mai fita daga tumbin shanu da gonakin shinkafa da rijiyoyin mai. Mai tambaya zai iya cewa, to, ko rana ce ta ƙara zafi? Da rana ce, da sama da ƙasa duk sun ɗumama tare. Abin da awo ya nuna shi ne iskar da ke kusa da ƙasa tana ƙara zafi, ta can ƙololuwa kuwa tana ƙara sanyi, kuma haka ake samu in bargo ne ya tare zafi daga ƙasa. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da kimanin digiri 1.5. Teku kuma ta hau da wajen santimita 20 daga 1901, abin da mutanen Ayetoro a gaɓar Ondo suka gani a cikin ɗakunansu.

Digiri ɗaya da rabi ba ya tsorata mutumin da ya saba da digiri 40 a watan Afrilu. Amma wannan matsakaicin duniya ne duka, har da teku, kuma tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi. Cikin Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali.

Yanzu sai a komo gida, inda maganar ta fi sarƙaƙiya. Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a ƙasashen Sahel. Manoma suka yi ta matsawa arewa suna sheme dajin da a da makiyaya kaɗai ke shiga, gwamnatoci suka yi tsare-tsarensu bisa zaton haka za a dawwama. Daga 1968 ruwa ya soma ja da baya, cikin 1972 da 1973 ya yanke. Gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai. Buzaye da Fulani suka gangaro Kano da Katsina da Sakkwato, waɗansu ba ko akuya. An ƙiyasta mutum 100,000 suka mutu a yankin, dabbobi kuwa miliyoyi. Fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 su suka tada dalar gyaɗa ta Kano. Cikin Afrilun 1974 soja suka kifar da Diori Hamani a Yamai, cikin Satumba kuma aka sauke Sarki Haile Selassie a Habasha, kuma a duka biyun yadda aka yi da abincin agaji da maganar yunwa yana cikin laifuffukan da aka lissafa. Fari ya dawo cikin 1983 da 1984 da ƙarfin da ya fi na farko, har cikin Yunin 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. In aka gwada ruwan waɗannan shekaru da na 1950, ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

Wa ya jawo? Amsar farko da duniya ta karɓa ita ce talaka ne ya jawo wa kansa. Wannan zargi yana da tsohon tarihi. Wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya zaga Arewa da rani ya koma ya rubuta cikin 1935 cewa Sahara tana tahowa, kuma noma da kiwo da ƙunar daji na 'yan ƙasa ne sanadi. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa ya bi kan iyaka cikin 1936 da 1937, bai ga hamadar da ke tafiya ba, amma maganar ba ta mutu ba. Cikin 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya ba ta ƙafar kimiyya. Ya ce in dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa takan yi fari fat, farar ƙasa kuwa tana mayar da hasken rana sama maimakon ta sha shi, iskar da ke bisanta ta yi sanyi ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa. Lissafi ne mai kyau, mutumin kuma ba ƙaramin masani ba ne; shi ya shugabanci kwamitin da ya ba gwamnatin Amurka rahoto a kan iskar kabon cikin 1979. Aka yi babban taron kwararowar hamada a Nairobi cikin 1977, kuma shekara da shekaru ana koya wa malaman gona da na daji cewa Bafillatani da sandarsa, da mace mai neman itacen girki, su ne suka kori ruwa.

Cikin 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a ofishin yanayi na Ingila suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da wani hali na teku: ruwan tekun arewacin duniya ya yi sanyi in an gwada shi da na kudu. Cikin 2003 Alessandra Giannini da nata abokan suka ba kwamfuta lissafin zafin teku kaɗai, ba su gaya mata kome game da shanu ko itace ba, ta fito musu da mafi yawan hawa da saukar ruwan Sahel na shekarun da suka wuce. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Damina iska ce mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ta nufo arewa, kuma takan bi inda ya fi ɗumi. In arewa ta yi sanyi, ba ta hawa sosai, sai ta tsaya a kudu ta juye ruwanta. Me ya sanyaya arewa? Wani kaso halin teku ne da takan juya da kanta. Wani kaso kuwa, bisa binciken da ya biyo baya, hayaƙin farar wuta ne da masana'antun Turai da Amurka suka yi ta turnuƙawa bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya yi wa tekun arewa inuwa. Masana ba su gama daidaitawa a kan girman kowane kaso ba. Abin da suka daidaita a kai shi ne, sarewar daji da yawan kiwo suna lalata ƙasa, suna kuma iya tsananta fari, amma ba su ne suka kawo shi ba. Hotunan tauraron ɗan adam da aka buga cikin 1991 sun nuna bakin Sahara yana gangarowa kudu a shekarar fari, ya koma arewa a shekarar ruwa. An yi shekara ashirin ana tuhumar wanda aka zalunta.

Daga shekarun 1990 ruwa ya soma dawowa, amma da wani sabon hali. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin laima kamar kashi 7 cikin 100, in ta tashi zubarwa kuwa sai ta zubar gaba ɗaya. Manomi yakan ce ruwan wata guda ya sauka a dare ɗaya, sa'an nan a yi kwana ashirin ba ɗigo, shuka ta ƙone, a sake binne iri. Ambaliyar 2012 da ta 2022 suna cikin wannan babi. A ta 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma masanan da suka bi sawunta sun ce ɗumamar duniya ta sa irin wannan ruwa ya fi sauƙin aukuwa ninki da yawa. Cikin Satumban 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19.

A nan akwai wani tarko da ma'aikacin gwamnati ya kamata ya yi hattara da shi. Da can an ɗora wa talaka laifin sama. Yanzu ana neman a ɗora wa sama laifin ofis. Madatsar ruwan Alau da ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024 ta cinye babban yanki na Maiduguri, ruwa mai yawa ne ya cika ta, gaskiya ne, amma ta taɓa ambaliya cikin 1994, kuma gyaran bango aikin injiniya ne da kasafin kuɗi. Fadamun Haɗeja da Nguru sun ƙanƙance, fari yana da hannu, haka nan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suna da nasu hannun. Wanda ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa ba zai fake da masana'antun Turai ba. Tafkin Chadi ma haka. Cikin 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da 2,000, har babban aikin noman rani da aka gina a Marte ya wayi gari bakin magudanarsa na kallon busasshiyar ƙasa. Daga nan aka samo maganar da shugabanni ke maimaitawa a taron duniya, cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Wannan awon ƙarshen fari ne. Tafkin ba shi da zurfi, yakan kumbura ya tsuke bisa ga abin da kogin Shari ya kawo masa, kuma tun shekarun 1990 ya farfaɗo gwargwado. Abin da ya raba masuncin Baga da kifinsa a 'yan shekarun nan, yaƙi ya fi ƙarancin ruwa yawa a cikinsa. Mai neman taimako da lissafin da ya tsufa, ranar da aka gane, sai a ƙi yarda da shi ko a inda ya faɗi gaskiya.

Gardamar ƙasa da ƙasa kuwa, a kan bashi take. Cikin 1988 aka kafa kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda cikin rahotonsa na 2021 ya ce babu sauran shakka ɗan adam ne ya ɗumama duniya. Shakkar da ta daɗe a bakin jama'a ba duka ce ta gaskiya ba: takardun kamfanin mai na Exxon sun nuna masanansa sun yi hasashen ɗumamar daidai tun ƙarshen shekarun 1970, alhali daga baya kamfanin ya kashe kuɗi wajen yaɗa kokwanto. A taron Riyo na 1992 aka amince cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba. Dalili a fili yake. Ba'amurke guda yana fitar da kabon kamar tan 14 a shekara, ɗan Nijeriya bai kai tan ɗaya ba, ɗan Nijar kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na tan. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da ake fitarwa ba. Yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 ta ɗora ragi a kan ƙasashe masu arziki, Amurka ta janye jiki cikin 2001, hujjarta kuwa ita ce ba a ɗaure Sin da Indiya ba. Hujjar ba ta rasa tushe ba, don tun wajen 2006 Sin ce ta fi kowa fitarwa a shekara. Amma kabon yakan yi ɗaruruwan shekaru a sama, kuma in aka tara daga farko, Amurka ce kan gaba. A Faris cikin 2015 aka sake dabara: kowace ƙasa ta faɗi da bakinta abin da za ta rage, da nufin a tsaya ƙasa da digiri 2, in da hali 1.5. Donald Trump ya fitar da ƙasarsa cikin 2020, Joe Biden ya mayar da ita cikin 2021, Trump ya sake sa hannu a kan ficewa cikin Janairun 2025.

Maganar kuɗi ita ta fi ɓata zumunci. A Kofanhagan cikin 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020. Ba a cika ba sai 2022, kuma mafi yawa rance ne. Watau wanda ya sa wa gida wuta ya ranta wa mai gida kuɗin guga. A Masar cikin 2022 aka yarda a kafa asusun biyan hasara, bayan shekara talatin ana roƙo. A Baku cikin 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3, aka rubuta biliyan 300 nan da 2035, wakilan Indiya da Nijeriya suka miƙe a zauren suka yi tir.

Amma Nijeriya ba ta zuwa wannan kasuwa da hannu mai tsarki. Mafi yawan kuɗin musayarta daga mai yake. Dokar hana ƙona gas a rijiyoyin mai an yi ta tun 1979, aka sa 1984 wa'adi, aka yi ta ɗaga shi, wutar kuwa ba ta mutu a yankin Neja Delta ba. Cikin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a Gilasgo cewa nan da 2060 abin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce abin da take shanyewa ba, aka kuma yi dokar sauyin yanayi a wannan shekara. Waɗanda ke cewa a bar Afirka ta yi amfani da gas ɗinta suna da gaskiya ta wata fuska, domin matar da gas ya fi ƙarfin aljihunta gawayi za ta koma, gawayi kuwa daji ne. Sai dai wannan hujja tana tsayawa ne in gas ɗin ya isa madafar matar. Wanda aka ƙone a bakin rijiya bai dafa tuwon kowa ba.

Aikin da ya fi kowane cin nasara a wannan yanki bai fito daga babban taro ba. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, Nijar kuma ta gaje ta bayan mulkin kai. Manomi ya ga itacen gonarsa ba nasa ba ne, in ya sari reshe malamin daji ya ci shi tara, saboda haka sai ya riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami. Cikin 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƙananan sabarar da ke cikin gonaki tohon tsofaffin kututture ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare su daga awaki. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoman Hausa, waɗanda tun kaka da kakanni suka san gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. Bayan yunwar 1984 hukuma ta sassauta, dokar karkara ta 1993 da ta daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin mai gona a kan itacensa. Da aka auna daga sama cikin shekarun 2000, aka sami kimanin kadada miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewayensu sun sake yin itatuwa, wajen miliyan 200, galibinsu ba wanda ya dasa su. Daga Maraɗi zuwa Jibiya bai kai tafiyar sa'a biyu a mota ba, ga duk jami'in gandun dajin da ke son ya gani da idonsa.